Ciwon da Na Ce Olsa Ce

Yayana manomi ne a Kebbe, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu har na zama malamin firamare. Da yake na yi boko, abin da na faɗa a kan ciwo shi ake bi a gidanmu.

Wata Asabar da kaka muna yankan dawa a gonarsa, da hantsi sai ya ajiye wuƙa ya zauna a kan kunya. Zufa ta jiƙe masa riga, alhali rana ba ta yi zafi ba tukuna.

Na ce, "Yaya, mi as same ka?"

Ya dafe ƙirji ya ce, "Nauyi nika ji nan, kamar an aza mani buhu. Har ga hannun hagu shika sauka."

Na ce masa olsa ce, ban ko yi shakka ba. Na jiƙa kanwa a gora na ba shi, na shimfiɗa masa buhu a gindin ɗorawa, na koma aiki. Sau biyu ina leƙo shi. A na biyun ya yi amai, leɓɓansa sun yi toka-toka. Sai bayan azahar na tayar da mashin, maƙwabcinmu na gona ya zauna a baya ya tallafe shi, muka kama hanyar Tambuwal. Duk ramin da muka faɗa, ina jin nishinsa a gadon bayana.

A asibiti wata likita ta manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da doguwar takarda. Ta duba, ta tambaye ni tun yaushe.

"Tun hantsi."

"Kuna ina?"

"Gona. Awa fuɗu muka yi kafin mu taso."

Ba ta yi mini faɗa ba. Da aka sa masa robar iska a hanci, ta ja ni gefe ta ce jijiyar da ke kai wa naman zuciyarsa jini ce ta toshe, kuma jinin shi ke kai iska. Ta ce idan naman ya rasa iska, ƙwayoyin halittarsa kan aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan sinadarai. Wasu saƙonnin na taimaka musu su daure, wasu kuma na sa su mutu, har waɗanda ke gefen wurin da ya toshe. Lokaci na tafiya, mutuwar na yaɗuwa.

Na ce, "In ya sha magani, wurin zai warke?"

Ta ce, "Malam, naman da ya mutu ba ya tofowa. Sauran muke son tsarewa."

Aka tura mu Sakkwato. Ya rayu, muka dawo gida da leda cike da ƙwayoyin magani. Amma mutumin da ke saɓa buhun gero shi kaɗai, yanzu daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Kwanciya ta gagara, a jingine yake barci.

Wata rana ina matsa masa ƙafa na ce, "Yaya, ni na ɓata maka lokaci."

Ya daɗe yana tattara numfashi, sannan ya ce, "Kai ma ba ka sani ba. Miƙo mani buta."

Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka.

Ya rasu a farkon damina, da safe, yana jingine da bango. Matarsa ta kawo masa kunu ta yi ta magana, bai amsa ba. Ruwa ya tsare mu, sai da la'asar muka kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai na je aka gwada jinina. Ya hau, kuma sun ce ya daɗe da hawa.