Yatsun Gwaggo Aidin

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakin gwajin ƙungiyar mahaƙa zinariya. Sai ta wangale tagogi tukuna, sannan ta leƙa durom uku na roba inda garin dutse ke jiƙe cikin ruwan aidin. In ruwan na nan ja kamar shayi, to yana narkar da zinariyar. In ya koɗe, ta ƙara masa. Shekara ashirin da biyu ke nan, yatsunta sun rine, shi ya sa mahaƙa ke ce mata Gwaggo Aidin. Wannan watan za ta ajiye aiki.

Lokacin da ta fara aikin, da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai guba, ake kama zinariya, a ƙona ta a tsakar gida kusa da murhu. Hayaƙin ya riga ya taɓa ƙanenta, hannunsa na rawa, ko kofi sai an riƙe masa. Matarsa na da ciki, 'yan haya a gidan kuma ba su fasa ƙonawa ba.

Ta yi magana har bakinta ya gaji. Shugaban mahaƙa ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, maganin gyambo ne zai fitar mana da zinariya? Bar mu da abin da muka iya."

Ba ta iya gardama ba, har yau. Ta ce, "To, ba ni buhu biyu na ƙasar da kuka gama da ita kuka zubar."

Ta jiƙa a aidin, ta juya, ta tace, ta jona wa ruwan wutar lantarki. Rana ta uku ta ajiye masa ɗan gwal kamar ƙwayar wake.

"Daga juji?" in ji shi.

"Daga jujinku."

Abin da wa'azin lafiya ya kasa yi, haushin asara ya yi shi. Kafin matar ƙanenta ta haihu, kaskon ƙona zaiba ya bar gidan.

Gwaggo, ke ce kika gane ba kunnen mutanen nan za ki nema ba, idonsu ne. Mun gode, Gwaggo. Wanda ya ga sana'a na cin mutanen gidansa, ya yi yadda kika yi: ya kawo wadda ta fi, a gani.

Ƙanenta bai warke ba. Yarinyar da aka haifa tela ce yanzu. Kullum uban yakan zauna a ƙofar shagonta, yana kallon yadda take zura zare a allura tashi ɗaya.