Tsuntsun Ɗorawar Kakata

A gidanmu na Dabai ba a kiran maƙwaƙƙwafi da sunansa. "Mai kashe ɗorawa" ake ce masa. Da wannan suna na tashi, ban kuma taɓa shakkar dacewarsa ba sai shekarar da na kammala karatun ilimin halittu na dawo gida.

A wannan shekara ne babban reshen ɗorawar kakata ya fara bushewa. Daga wannan bishiya take samun kalwar daddawarta. Kawuna ya hango rami a reshen, ya ce na mai kashe ɗorawa ne, zai hau ya toshe shi da laka, alhali ana jin kukan 'ya'yan tsuntsu a ciki. Na roƙe shi ya ba ni mako guda.

"To, malamin boko," in ji shi, "kai ne lauyan tsuntsu yanzu?"

Kullum da hantsi nakan zauna a gindin bishiyar da littafina. Kwana biyun farko na yi kuskure, har yau ina jin kunyarsa: wani tsuntsu mai kaurin baki nake bi, wanda leƙa ramin kawai yake yi. Masu ramin na ainihi ba sa zama a kan reshe kamar sauran tsuntsaye. Manne wa jikin itace suke yi a tsaye, su dogara da wutsiya mai tauri. Namijin yana da ja a ƙeya, tamatar ba ta da shi. Takamaiman jinsinsu ban tabbatar ba, saboda haka ban rubuta ba.

Abin da na tabbatar shi ne, ɗanyen reshe ba su taɓa shi ba ko sau ɗaya a idona. Na ɓare ɓawon busasshen na kai wa kawu, tsutsotsi fal a ƙarƙashinsa. Na ce a ganina su suka riga tsuntsun zuwa, kuma da yake a kan bishiya mai ciwo ake yawan ganinsa, shi aka ɗora wa laifin.

Kakata ta juya ɓawon a tafin hannunta. "Ku bar 'ya'yan tsuntsun su yi fiffike," ta ce, "sannan a sare reshen."

Haka aka yi. Ɗorawar ta yi 'ya'ya da bazara. Kawu dai bai sake wa tsuntsun suna ba, amma idan ya ji ƙwanƙwasa yakan leƙo ɗakina ya ce, "Ɗana, ga mutumin naka can ya fara aiki."