Bencinan Abuja

Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa duk abin da na gani a rubuce nake riƙe shi da hannu biyu. Shekarar da aka naɗa ni shugabar kwamitin iyaye na firamaren unguwarmu, can bayan Maikunkele, ita ce shekarar da gwamnatin tarayya ta ba makarantar tallafi. Kashi biyu ne: na farko na bencina, na biyu na rufin ajin da iska ta yaye. Kuɗin rufin ba zai fito ba sai masu bincike sun zo sun ga bencinan cif, kowanne da lambarsa da jan fenti. Dokar tallafin ta kuma ce ba sa fita daga makaranta. Ni na karanta wa kwamiti da bakina, ina bin layi da yatsa. Aka miƙo min makullin ɗakin da ake ajiye su.

To mu a unguwarmu bencin makaranta na kowa ne. Suna, biki, makoki, sai a zo a kwasa. Wani ya dawo ba ƙafa, wani ma ya shiga duniya.

Ana nan matar maƙwabcinmu ta rasu. Shi maƙwabcin tsoho ne, manomin doya, Kirista, kuma a gonarsa aka gina makarantar. Ya same ni a ƙofar gida.

"Ciyaman, mutane suna zuwa daga ƙauye. Kawo makulli."

"Baba, waɗannan na Abuja ne. Ba sa fita."

"Abuja ta san matata ta mutu?"

"Ko ta sani, doka ce."

Ya dube ni. "Allah ya ƙara ilimi," ya ce, ya juya.

Da na shiga gaisuwa na tarar da tsofaffi sun shimfiɗa buhunan taki a ƙasa, wata tana ta neman yadda za ta miƙe ƙafa. Na yi ta'aziyya a tsaye. Ko ruwan da aka ba ni ban sha ba.

Masu bincike suka zo, ba su rasa ko ɗaya ba, aka yi rufi. Hedimasta ya yaba min a gaban taro. Tsohon kuwa gaisuwa ce kawai ta rage a tsakaninmu, ita ma daga nesa.

Da damina uwata ta cika. Danginmu na Bida suka cika gida har waje, ƙasa kuwa duk caɓi. Yayana ya jawo ni gefe.

"Ke, ba ke ce da makulli ba?"

Makullin yana ƙulle a bakin zanena. Amma da wace fuska? Na ce masa bencinan ba sa fita.

Muna tsaye a-kori-kura ta tsaya a ƙofa, shaƙe da bencinan coci. Tsohon ya sauko yana nuna wa 'ya'yansa inda za su jera. Na nufe shi.

"Baba..."

"Zauna, Ciyaman," ya ce. "Waɗannan ba su da lamba."

Na zauna. A kan bencinan cocinsu aka yi wa uwata addu'a har makoki ya watse. Kullum da safe tsohon yana zuwa ya zauna tare da maza, ni kuwa in zan wuce ta gabansa sai in ja mayafi in rufe fuska.