Tsayawar da na yi a tafkin Tila

Shekarar da na sayi tsohuwar Fijo, ba wanda bai sani ba a unguwarmu ta Bolori, don ko kantin bakin layi da mota nake zuwa. Akawu ne ni a lokacin, kaina kuwa ya fi albashina girma.

Maƙwabciyata wata dattijuwa ce Kirista, mutuniyar kudancin Borno, tana shara a cocinsu, Mama muke kiranta. Wata Asabar cikin damina, sai ta shigo wurina da sassafe, ta ce an aiko mata yayanta yana kwance rai a hannun Allah a ƙauyensu, gaba da Biu, kuma sunanta yake ta kira. Na ce ta bar zancen tasha, ni zan kai ta. Ba tausayi kaɗai ba ne, na daɗe ina neman dalilin gwada motar a doguwar hanya.

Wanda ya tashi a Maiduguri bai san tudu ba. Da muka yi nisa da Damboa ƙasa ta fara tashi, sai ga tsaunuka ɗai-ɗai kamar an kife ƙwarya, kore shar, ga baƙaƙen duwatsu zube a gonaki. Ta ce a makaranta an faɗa wa 'ya'yanta da can wuta tsaunukan suke amayarwa. Na tsaya na kalla. Na sake tsayawa na sayi gasasshiyar masara. A Biu na zauna na ci tuwo, ita tana cikin mota da ƙunshinta a cinya, tana cewa in ci a hankali.

A nan mai tuwon ta ba ni labarin tafkin Tila, wai a cikin ramin tsauni yake, har da kadoji. Na tambayi Mama ko mu leƙa, minti goma kawai. Na san ba za ta ƙi ba. Tsohuwa irinta ba ta gaggauta wanda ya yi mata alheri, da wannan karar tata kuwa na cuce ta.

"Motarka ce, ɗana," in ji ta.

Tafkin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ruwa kwance luf, gajimare a cikinsa, iska mai sanyi. Na fi awa guda ina jiran kada ya leƙo. Ita ko fitowa ba ta yi ba.

Bayan la'asar muka isa. Tun daga bakin ƙauye muka jiyo mata suna waƙar coci a hankali. Yayan nata bai daɗe da cikawa ba. Ƙanwarta ta rungume ta tana kuka, tana tambayar abin da ya tsare ta tun safe. Na sunkuyar da kai ina jira.

"Taya ce ta fashe mana, har sau biyu," in ji Mama. "Yaron nan ya sha wahala saboda ni."

Mazan gidan suka taso suna yi mini godiya, aka kawo ruwa da sabulu wai in wanke baƙin man da ke hannuna. Kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba. Na miƙa hannuwana tsaf da su, aka zuba mini, na wanke.