Kaset Mai Lamba 412

Shekara ashirin da biyu ke nan ina riƙe da rajistar ɗakin kaset na gidan talabijin ɗinmu. Duk kaset da ya shigo ina rubuta lambarsa da abin da ke cikinsa. Duk wanda zai fita ina rubuta ranar, mai ɗauka ya sa hannu. A wannan ɗaki na san mutumin da muke kira Baba Shiru.

Mai ɗaukar sauti ne. Sunan daga bakinsa ya fito, domin kafin a fara ɗaukar kowane shiri sai ya ɗaga hannu ya ce, "Shiru!" ko da darakta ne yake magana. Gajere ne, mai furfura har a gira, kullum da abin sauraro rataye a wuya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin ayarin shirin tarihi na ranar Laraba, wanda ake bin tsofaffi har gida su faɗi abin da suka gani da idonsu.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha haɗa shi faɗa da masu kyamara. Idan mai gabatarwa ya gama tambayoyi ya yi godiya, Baba Shiru ba ya yarda a kashe na'ura.

"Ku bar ta ta juya," yakan ce. "Tsoho ba ya faɗin abin da ke cinsa sai ya ga ana naɗe waya. Duk abin da ya faɗa kafin nan gaisuwa ce."

Ta haka aka samu kaset mai lamba 412. Hira ce da tsohon maigadin masaƙar da ta yi gobara tun ina firamare, mata ashirin da shida suka rasu. Ƙofar baya da za su fita ta nan a ɗaure take da sarƙa da kwaɗo. Rahoton hukuma ya ce maigadi ne ya kulle ya tafi shan shayi, gari kuma ya ɗauka. Mutumin ya rasa aikinsa, ya koma ƙarshen gari, ko ɗaurin aure aka daina kiransa.

Minti arba'in aka yi ana tambayarsa, amsarsa ɗaya: haka Allah ya ƙaddara. Sai da aka fara naɗe waya ya buɗe tafin hannayensa, fatar duk ta tattare. Ya ce kwana uku kafin gobarar manaja ya karɓe mukullin daga hannunsa, wai ana fitar da zare ta ƙofar baya. Ya faɗi mutane biyun da aka karɓa a gabansu. Ya ce wannan ƙunar a jikin sarƙar ya same ta, yana ja, yana jin muryoyin matan ta ciki. Minti goma sha ɗaya ya yi yana magana. Da aka tambaye shi ko a sa a talabijin, ya ce a sa.

Ba a sa ba. A watan ne aka kawo sabon shugaba. Aka rage shirin daga awa ɗaya zuwa rabi, daga nan ya koma sau ɗaya a wata, daga nan aka ba gasar waƙa lokacinsa. Baba Shiru ya hau sama wurin shugaban da kaset ɗin a hannu, ya sauko da shi a hannu.

"Me ya ce, Baba?" na tambaye shi.

"Wai mutane sun gaji da kallon tsofaffi suna tari." Ya miƙo mini. "Ɗora shi a kanta, Akawu. Kanta ba ta gajiya."

Bayan shekara biyu ya yi ritaya, amma bai daina zuwa ba. Duk Litinin ta farkon wata sai ya shigo da safe, ya zauna a gaban tsohuwar na'urar da ke kusurwar ɗakina, ya sa 412 ya kalla daga farko har ƙarshe, ya mayar da shi baya. Ya ce kaset kamar gwiwarsa yake, in ba a motsa shi ba sai ya ƙage. Ina jin muryar maigadin a bayana ina aikina, har na saba da ita kamar ƙarar fanka.

Wata rana ya ce, "Akawu, ka riƙa rubutawa mana cewa na ɗauka."

Na ce, "Baba, abin da bai tsallake ƙofar nan ba, ba a ɗauke shi ba. Kuma wanda ya yi ritaya ba shi da sa hannu a rajista."

Ya yi dariya. "Kai dai ko Mala'ikan mutuwa ne ya zo sai ka ce ya cike fom."

Ni ma na yi dariya. Gaskiyata na faɗa, kuma har yau ƙa'idar haka take.

Sai takarda ta sauko daga sama. Gidan ya daina sayen sababbin kaset, don haka duk wanda ya shekara biyar ba a ɗauke shi ba, a manna masa jar alama a miƙa wa sashen talla su ɗauki sabon abu a kai. Aka ce in fitar da jerin daga rajistata. Na bi shafi shafi, na samu guda ɗari da sittin da uku. Na ga 412 a ciki. A rajista ko sau ɗaya bai taɓa fita ba.

Ban cire shi ba, domin ba ni da hurumin cirewa. Abin da na yi, na rubuta a gefen lambar: "A duba kafin a goge." Da fensir na rubuta, saboda ba a yarda a sa biro a gefen takardar ofis ba. Aka kai takardar aka buga kwafi, injin bai ɗauki fensir ba. Kwafin aka ba masu kwasa, suka zo a makon da na tafi jinyar mahaifiyata.

Da Litinin ta zagayo, Baba Shiru ya ɗauko kaset ɗin daga kanta inda aka dawo da shi, ya ga jar alamar, ya dube ni. Ya sa a na'ura. Wani ƙato ya fito yana tsalle a kan katifa yana cewa barci sai da ita. Bayan katifa aka yi sabulu, bayan sabulu aka koma katifa. Bai tsayar ba. A can ƙarshe tallar ta yanke, hoton ya yi rawa, sai ga hannaye biyu a buɗe, da murya tana cewa, "To, abin da na gani ke nan." Daƙiƙa tara. Na duba agogo.

Na fara yi masa bayanin fensir. Ya ɗaga hannu kamar yadda yake yi a da, na yi shiru.

Wata bakwai bayan haka wata mata ta zo, malamar asibiti ce, ɗiyar maigadin. Mahaifinta ya rasu. Ta ce za a kafa allon tunawa a filin masaƙar, kuma a rubutun da aka tsara an sa cewa sakacin maigadi ne ya jawo. Kwamitin da ke shirya allon ya ce in tana da hujja ta kawo kafin ƙarshen wata. Mutane biyun da aka karɓi mukullin a gabansu sun daɗe da rasuwa.

"Babana ya ce ya faɗa wa talabijin komai," in ji ta. "Ya ce yana wurinku a ajiye."

Na nuna mata daƙiƙa taran. Ta sa na maimaita sau uku. Sannan ta ce, "Hannunsa ne kam. To, ina sauran?"

Ni na kai ta gidan Baba Shiru. Ya saurare ta, ya ce, "'Yata, na ji maganar mahaifinki fiye da sau sittin. Mu je."

Ya sa babbar riga ya tsaya a gaban kwamitin, ya maimaita minti goma sha ɗayan nan kalma bayan kalma, har da wuraren da tsohon ya tsaya ya numfasa. Ni da nake zaune a baya na san bai ƙara ba, bai rage ba. Da ya gama, shugaban kwamitin ya gyara tabarau.

"Baba, kana wurin ranar gobarar?"

"A'a."

"To, ji ka yi ke nan. Mu ma mun ji abubuwa da yawa. Ina kaset ɗin?"

An kafa allon a ranar da aka sa. Na je na karanta, sakacin maigadi yana nan a layi na huɗu.

A bakin titi, ranar kwamitin, na ce wa Baba Shiru ya yafe mini. Yana kallon motocin da ke wucewa ya ce, "Me ka yi? Rajistarka ba ta taɓa ƙarya ba, Akawu. Riƙe ta da kyau." Ya tsare tasi ya shiga. Tun daga ranar bai sake taka ɗakin kaset ba. Na ji an ce kunnensa na hagu ya fara tafiya, kuma ya hana a kunna talabijin a gidansa.

Na gyara shafin, domin abin da ke rubuce ya dace da abin da ke ciki. Yanzu yana cewa: 412, tallar katifa da sabulu, da daƙiƙa tara na maigadin masaƙa. A bana kaɗai an ɗauke shi sau goma sha huɗu, kuma kowa ya sa hannu.