Yadda Yaya Kar-a-Taɓa Ya Samu Hutu

Ɗan kawuna ne, a ofis ɗaya muke, kuma shi ya rubuta manhajar da muke sayar wa kantunan magani. Kar-a-Taɓa ake kiransa, don bakinsa bai san wata magana ba. Tun ofishin yana ɗaki ɗaya da fanka mai kuka ya fara rubutun, ya cusa komai cikin fayil guda: rasit, lissafin kwalaye, ranar lalacewar magani. Ka gyara rasit, sai maganin tari ya ɓace daga lissafin shago. Shi kaɗai ya san hanya a cikin dajin nan, saboda haka bai taɓa samun hutu ba.

Sai ga matarsa da cikin fari, watan haihuwa ya kama. Ta ce in ta haihu yana ofis, ya kwashe kayansa ya tare da kwamfuta.

Oga ya ce, "Ka raba fayil ɗin gida-gida, yadda ko wannan zai gane, sai ka tafi." Ni ne "ko wannan". Na gode, Oga.

Wayyo, ranka ya daɗe, na ga rabon gado! Kowane layi sai Yaya ya ba ni tarihinsa kafin ya matsar da shi. Ya buɗe folda ta rasit, ta kaya, ta masu saye, sannan ya buɗe wata ya sa mata suna "saura" ya zuba rabin duniya a ciki.

Na ce, "Yaya, wannan ai ba shara ba ce, tura datti ƙarƙashin gado ne."

"Kai da ko makaranta ba ka gama ba?"

"Shi ya sa aka ce sai na gane."

Ya yi tsaki, ya zauna ya kwance "saura" ɗaya bayan ɗaya, yana mita kamar ana cire masa haƙori.

Ranar gwaji wani mai kanti ya kira, rasit na cinye sunan magani. Oga ya ce in gyara, Yaya kuma kada ya tofa ko kalma. Ya tsaya a bayana yana tari, yana nishi, yana taka mini ƙafa. Na shiga foldar rasit, na ga matsalar zaune tana jirana, na gyara. Maganin tari bai motsa ba.

Aka ba shi hutu, aka haifi mace. Mu kuma aiki ya ci gaba lafiya lau, ba wanda ya neme shi.

Sai ga kiran matarsa.

"Ƙanina, don girman Allah ku kira shi ko sau ɗaya."

"Anti, babu abin da ya lalace."

"To ka lalata mana! Ya ɗauki yarinya da hannu ɗaya, waya a ɗayan, yana tambayata ko sabis ne babu a gidan."