Hannun Malama Lucia

Malama Lucia ta zo Abuja daga Kagoro a shekarun da benaye ke tsirowa kamar masara bayan ruwan farko. Ƙawayenta suka shiga ma'aikatu. Ita kuwa ta kama aiki a wata ƙaramar makaranta bayan kasuwar Gudu, inda ake koyar da yaran da karatu ke yi wa nauyi tun haihuwa. Ni ke tuƙa motar makarantar.

Takan ɗora hannunta bisa hannun ɗaliba, su ja fensir tare a hankali, tana waƙar coci ƙasa-ƙasa. In ka leƙa ta taga da hantsi, sai ka ga kamar suna cikin kwale-kwale ɗaya, ruwa na tafiya da su.

Shekara shida ta yi haka da Nafeesa, 'yar wani darakta a Maitama. Dokar makarantar ita ce, duk wanda ya cika shekara sha takwas sai ya rubuta sunansa a gaban kwamiti kafin ya shiga ajin koyon sana'a. In ya kasa, sai gida. Mahaifin Nafeesa ya riga ya ce Karshi za a kai ta, wurin kakarta.

Ranar gwajin, a mota, Nafeesa ta ce, "Baba Ilyasu, yau zan yi rubutu!"

"To, a rubuto har da sunana."

"Kai ai ka tsufa, Baba."

Ina bakin ƙofa lokacin da shugabar kwamitin ta ce, "Madam Lucia, ja baya kaɗan. Ba a taɓawa."

Nafeesa ta riƙe fensir daidai, ta ɗora shi kan takarda. Sai ta waiga, tana jira.

"Anti, zo mana."

"Rubuta, 'yata. Kin iya."

"To, zo."

Fanka na juyawa a sama. Lucia ta kai hannayenta baya, ɗaya ya riƙe ɗaya. Haka aka zauna har shugabar ta janye takardar.

A inuwar mangwaro Lucia ta ce mini, "Baba, ban ma san ko ta iya ba. Ban taɓa saki na gani ba."



Da la'asar direban gidan su Nafeesa ya zo, aka sa jakarta da kofinta a bayan mota. Nafeesa ta leƙo ta taga tana dariya.

"Anti, sai gobe!"

Lucia ta ɗaga mata hannu, ta amsa.

"Allah ya kai mu."